George Wald da Sinadarin Gani: Tarihin Wani Bincike da Tasirinsa

Gabatarwa

Akwai wata cuta da Hausawa suka daɗe da saninta, suna kiranta dundumi. Mai wannan cuta yakan yi harkokinsa da rana lafiya lau, amma da zarar magariba ta yi sai ya koma lalube, ba ya iya rarrabe ƙofa da bango sai an kunna fitila. Tsofaffin likitocin Masar da na Girka sun san ta, har sun yi amfani da hantar dabba wajen maganinta, maganin kuwa yakan ci. Abin da ya gagare su, ya kuma gagari waɗanda suka biyo bayansu shekaru aru-aru, shi ne sanin dangantakar da ke tsakanin hanta da ido. Mutumin da ya warware wannan ƙulli shi ne George Wald, masanin ilmin halittu na Amurka, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun bincikensa, a ga inda ya ɗauko aikin da inda ya ajiye shi, sa'an nan a auna irin tasirin da ya yi a kan ilmin cututtukan ido.

Gadon da Ya Tarar

Tun farkon ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya kafa hujja a Alƙahira, cikin littafinsa Kitab al-Manazir, cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga abu ya shiga ido. A 1604 Johannes Kepler ya nuna cewa hoton abin da ake kallo yana sauka ne a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bayan ido daga ciki, wanda ake kira ratina. A cikin wannan tantani akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu karɓar haske. Na farko suna da siffar sanda, yawansu ya kai kimanin miliyan 100 a kowane ido, kuma su ne ke aiki da dare. Na biyu suna da tsini kamar mazurari, ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba, su ne ke aiki da rana, su ne kuma ke rarrabe launi. Max Schultze ne ya fara bayyana wannan rabon aiki a 1866.

A 1876 wani matashin masani Bajamushe mai suna Franz Boll, wanda ke aiki a Roma, ya lura cewa ratinar kwaɗon da aka ajiye cikin duhu ja ce, amma in aka fito da ita haske sai launin ya koɗe. Boll ya rasu a 1879 yana da shekara 30. Willy Kühne na Jami'ar Heidelberg shi ya ci gaba da aikin, ya yi amfani da gishirin matsarmama ya narko wannan jan sinadari daga ratina, watau abin da ake kira rodofsin. Daga nan bincike ya yi sanyi har kusan shekara 50, domin ilmin haɗa sinadarai na lokacin bai kai ga fayyace abin da rodofsin ya ƙunsa ba.

Ta wani ɓangaren kuma, masu binciken abinci sun gano a 1913 cewa akwai wani abu cikin man shanu da ƙwanduwar ƙwai wanda dabba ba ta girma in babu shi, aka sa masa suna bitamin A. A 1925 Fridericia da Holm suka nuna a Danmak cewa ɓerayen da aka hana wa wannan bitamin ba sa maido da rodofsin ɗinsu da sauri bayan haske ya koɗar da shi. An dai ga alamar akwai dangantaka, amma ba wanda ya nuna ta ƙarara.

Shekara Ɗaya a Turai

An haifi George Wald a birnin Niyok ranar 18 ga Nuwamba, 1906. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani, mahaifinsa daga ƙasar Folan, mahaifiyarsa daga Jamus. Ya sami digirin farko a Jami'ar Niyok a 1927, sa'an nan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Columbia a 1932 a hannun Selig Hecht, wanda ya shahara wajen auna ƙarfin ganin ɗan Adam. Hecht gwanin awo da lissafi ne, yana iya faɗin yadda sinadarin gani zai yi cikin haske da duhu. Ɗalibin nasa kuwa so yake ya kama sinadarin kansa.

Saboda haka a 1932 ya tafi Balin wurin Otto Warburg, wanda bai daɗe da samun kyautar Nobel ba. A can ya feɗe idanun dabbobi, ya tatso abin da ke cikin ratinarsu, ya ɗiga masa wani ruwan gwaji da aka san yana komawa shuɗi in ya haɗu da bitamin A. Ruwan ya koma shuɗi. Don a tabbatar da wannan sakamako sai ya wuce Zurich ta ƙasar Suwizalan wurin Paul Karrer, wanda ya fayyace tsarin bitamin A a 1931. Ya tara dubban idanun shanu da tumaki da aladu daga mahautar garin, aka tace, aka tabbatar. Mujallar Nature ta buga labarin a 1933.

Daga Zurich ya koma Jamus wurin Otto Meyerhof a Heidelberg, garin da Kühne ya yi aikinsa. Lokacin kuwa Hitila ya riga ya hau mulki tun Janairun 1933, zaman Bayahude a Jamus ya zama kasada, hukumar da ke ɗaukar nauyin karatunsa kuma ta matsa masa ya bar ƙasar. Ana cikin haka aka kawo kwaɗi 300 ɗakin binciken alhali yawancin ma'aikata sun tafi hutu, har ana shirin sakinsu, sai Wald ya roƙa a ba shi. Cikin 'yan makonnin da suka rage masa ya gwada ratina kashi uku: wadda ta kwana cikin duhu, da wadda haske ya taɓa yanzun nan, da wadda ta daɗe cikin haske. A ta biyun ya sami wani sabon sinadari ruwan ɗorawa, wanda daga baya aka sa masa suna ratinal. A ta ukun kuwa ratinal ya ɓace, bitamin A ya maye gurbinsa.

Daga wannan ne ya tsara abin da ake kira kewayen gani, wanda ya bayyana dalla-dalla a 1935. Rodofsin furotin ne da ke ɗauke da ratinal. Haske yakan raba su, ratinal ya koma bitamin A, sa'an nan cikin duhu ido ya sake mai da bitamin A ratinal, ya haɗa shi da furotin, rodofsin ya dawo. Wannan ne ya sa wanda ya fito daga haske ya shiga ɗaki mai duhu ba ya gani nan take, sai idonsa ya yi kamar rabin sa'a kafin ya kai cikar ƙarfinsa. Tun da yake a kowane zagaye akan yi asarar wani abu, dole jini ya riƙa kawo sabon bitamin A daga hanta, wadda ita ce rumbunsa a jiki. In rumbu ya ƙare sai sandunan ratina su rasa kayan aiki, dundumi ya kama mutum. Ta haka aka san dalilin da ya sa maganin mutanen dā ya ci. Wannan yana cikin karo na farko da aka nuna ainihin aikin da wani bitamin ke yi a jiki, domin kafin lokacin ana sanin bitamin ne kawai ta cutar da rashinsa ke haddasawa.

Shekarun Harvard

Bayan ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Shikago, Wald ya koma Jami'ar Harvard a 1934, ya zama farfesa a 1948, bai bar ta ba sai da ya yi ritaya a 1977. A 1937 ya gano cewa kifayen ruwan daɗi suna da nasu sinadarin gani dabam, wanda aka gina da wani nau'in bitamin A na biyu. A wannan shekara kuma ya sami alamar sinadarin ganin rana a ratinar kaza. A 1945 ya nuna cewa ɗigon ruwan ɗorawa da ke tsakiyar ratinar mutum, daidai inda gani ya fi kaifi, an yi shi ne da irin launin da ake samu cikin ganyaye.

Ba shi kaɗai ne ya yi aikin ba, kuma ba kowane mataki ne ya riga kowa takawa ba. Richard Morton da abokan aikinsa na Jami'ar Libaful ta Ingila su ne suka fayyace, daga 1944, cewa ratinal bitamin A ne da aka ɗan sauya wa ƙarshe. Wannan ya ba da damar a haɗa shi da yawa a ɗakin bincike, har a 1950 Wald da Paul Brown suka zuba ratinal a kan furotin ɗin, wanda ake kira ofsin, suka ga rodofsin ya haɗu cikin kwalba.

A nan ne wani abin mamaki ya auku. Ruth Hubbard, wadda aka haifa a Biyana a 1924, iyayenta suka gudu da ita Amurka a 1938, tana aiki a ɗakin binciken Wald. Sun lura cewa bitamin A da aka samo daga man hantar kifi yana ba da rodofsin, amma tataccen bitamin A na ƙanƙara ba ya bayarwa, alhali kuwa sinadari ɗaya ne. A 1952 suka bayyana dalili. Ƙwayar ratinal doguwa ce kamar sarƙa, tana iya zama a miƙe, tana kuma iya lanƙwashewa. Ofsin ba ya ba da rodofsin da kowace siffa sai da lanƙwasasshiya guda ɗaya, kamar yadda kwaɗon ƙofa ba ya karɓar kowane mabuɗi. Daga baya aka tabbatar cewa lanƙwasar tana kan gaɓa ta 11 ta sarƙar. A 1958 Hubbard da Allen Kropf suka nuna cewa aikin haske a cikin ido guda ɗaya ne tak, watau ya miƙe wannan lanƙwasa. Duk abin da ya biyo baya, daga sauyawar siffar furotin har zuwa saƙon da ke tafiya ƙwaƙwalwa, yana iya gudana cikin duhu. A 1963 Toru Yoshizawa na Japan da Wald suka daskarar da rodofsin da sanyi mai tsanani don su tsai da shi a matakin farko bayan haske ya taɓa shi. Awon da wasu suka yi a 1991 ya nuna cewa miƙewar tana kammala cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan sau miliyan na sakan.

Saura batun launi. Tun 1802 Thomas Young ya yi hasashen cewa ido yana da masu karɓar launi iri uku, amma ba wanda ya auna su kai tsaye. A 1964 Brown da Wald suka ratsa siririn haske ta cikin ƙwayoyin mazurari ɗaya bayan ɗaya na ratinar mutum, suka sami iri uku: mai karɓar shuɗi, da mai karɓar kore, da mai karkata wajen ja. A wannan shekarar Marks da Dobelle da MacNichol na Jami'ar Johns Hopkins suka sami irin wannan sakamako. Da haka aka fahimci cewa mai makantar launi ya rasa ɗaya daga cikin ukun ne, ko kuwa nasa ya kauce daga inda ya kamata.

A 1967 aka ba Wald kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Ragnar Granit da Haldan Keffer Hartline, waɗanda suka yi bincike a kan saƙonnin lantarki na jijiyoyin ido. Hubbard, wadda ya aura a 1958, ba ta cikin waɗanda aka ba, ko da yake a wannan shekara sun karɓi lambar Paul Karrer tare. Duk mai son yin adalci ga tarihi dole ya ambaci sunanta a duk inda aka yi maganar lanƙwasar ratinal. Ita ce mace ta farko da aka ba tabbatacciyar kujerar farfesa a ilmin halittu a Harvard, ta rasu a 2016.

Daga Ɗakin Bincike zuwa Asibiti

Wald ba likita ba ne, bai taɓa duba majiyyaci ba. Duk da haka tasirinsa a kan ilmin cututtukan ratina ya bi ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta ɗalibansa. John Dowling, wanda ya fara aiki da shi tun yana ɗalibin digirin farko, ya bi ɓerayen da aka hana wa bitamin A mataki-mataki. Sakamakon da suka buga a 1958 ya nuna cewa rumbun hanta ke fara ƙarewa, sa'an nan na jini ya faɗi, sa'an nan rodofsin ya ragu, dundumi ya bayyana. A 1960 suka ciyar da ɓeraye da wani ɗan'uwan bitamin A wanda jiki ba ya iya mai da shi ratinal. Ɓerayen suka girma da ƙoshin lafiya, amma suka makance, ƙwayoyin ratinarsu suka lalace. In an dawo musu da bitamin da wuri sukan warke, in kuwa ƙwayoyin sun riga sun mutu to sai haƙuri. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne cewa ƙwayar gani da ta rasa sinadarinta ba tsayawa kawai take yi da aiki ba, mutuwa take yi a hankali, kuma akwai wani ɗan lokaci da za a iya ceto ta. A 1962 Dowling da Richard Sidman suka juya ga ɓerayen da ke gadon lalacewar ratina.

Hanya ta biyu ita ce ta tambayoyin da ya bari. Hecht da abokan aikinsa sun nuna a 1942 cewa ƙwayar haske guda ɗaya tana iya tayar da sanda guda. Yaya abu ƙanƙane haka zai haifar da saƙon da ƙwaƙwalwa za ta ji? A 1965 Wald ya kawo shawarar cewa rodofsin yana tayar da wasu sinadarai ne, su kuma su tayar da wasu, kamar yadda ake yi wajen daskarewar jini. Bai kai ga gano su ba. Lubert Stryer da abokan aikinsa ne suka bayyana furotin ɗin da ke karɓar saƙo daga rodofsin a 1981, masanan Rasha ƙarƙashin Fesenko kuma suka nuna a 1985 yadda ake buɗe ƙofofin ƙwayar da rufe su. Jeremy Nathans da David Hogness suka ware ƙwayar gadon rodofsin ta mutum a 1984, sai kuma na launuka uku a 1986. A 1990 Thaddeus Dryja ya sami kuskure cikin ƙwayar gadon rodofsin a jikin wasu iyalai masu wata makantar gado da ke farawa da dundumi, fagen gani ya riƙa ƙuntata har ya rufe. A 2000 Krzysztof Palczewski da ƙungiyarsa suka fito da cikakkiyar siffar rodofsin, wanda ya zama na farko da aka ga siffarsa cikin wani babban dangin furotin da magunguna masu yawa ke aiki a kansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne labarin furotin ɗin da ake kira RPE65. Shi ne ke sake lanƙwasa bitamin A bayan haske ya miƙe shi, watau shi ne mahaɗin kewayen da Wald ya zana a 1935. Yaron da aka haifa ba shi da lafiyayyen RPE65 yakan tashi da raunin gani mai tsanani, musamman cikin duhu. A 2001 aka yi wa karnuka masu wannan lahani allurar lafiyayyar ƙwayar gado a ƙarƙashin ratina, suka gani. A 2008 aka buga sakamakon gwajin farko a jikin mutane, a watan Disamba na 2017 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin da sunan Luxturna, wanda aikin Jean Bennett da Albert Maguire ya haifar. Tsakanin kwaɗin Heidelberg da wannan magani shekara 84 ne. Kuɗin da aka sa masa da ya fito shi ne dala 850,000 na ido biyu.

Hanya ta uku ita ce ta lafiyar jama'a, ita ce kuma ta fi shafar ƙasashen Afirka. Aikin Wald ya sa dundumi ya zama alama mai ma'ana, watau shaidar farko da ake gani cewa rumbun hanta ya yi ƙasa. Alfred Sommer, wanda ya yi bincike a Indunusiya, ya nuna a 1983 cewa yaran da ke da dundumi ko bushewar ido sun fi sauran yara mutuwa. A 1986 gwajin da ya jagoranta a lardin Aceh ya nuna cewa ba yara bitamin A mai ƙarfi duk wata shida ya rage mutuwarsu da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa kowace shekara saboda rashin wannan bitamin, rabinsu kuma suna mutuwa cikin shekara ɗaya da makancewar. Ƙyanda da gudawa suna ƙara tsananta abin. Wannan ne tushen ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa wata 59, shi ne kuma dalilin da ya sa Nijeriya ta wajabta ƙara bitamin A cikin man girki da sukari da fulawa daga 2002. A ƙasar Hausa kuwa ana samunsa cikin hanta da ƙwai da man shanu, jiki kuma yana ƙera shi daga manja da zogale da alayyahu da karas da kabewa da mangwaro da gwanda.

Malami da Ɗan Gwagwarmaya

Wald ya shahara wajen koyarwa kamar yadda ya shahara wajen bincike. Ya daɗe yana koyar da 'yan ajin farko ilmin halittu, aikin da manyan farfesoshi da yawa ke gudu, har mujallar Time ta sa shi cikin fitattun malaman jami'a na Amurka a 1966. Bayan kyautar Nobel sai hankalinsa ya koma ga siyasa. Ranar 4 ga Maris, 1969, ya yi wani jawabi a cibiyar fasaha ta MIT inda ya soki yaƙin Biyetnam da tara makaman nukiliya, jawabin ya bazu cikin jaridu, aka fassara shi cikin harsuna da dama. Daga nan bincikensa ya ragu ƙwarai, ya ba da sauran rayuwarsa ga fafutukar zaman lafiya da 'yancin ɗan Adam. Ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 1997, yana da shekara 90.

Kammalawa

Hukumomin jami'o'i sukan auna malami da yawan takardun da ya buga, domin shi ne awon da ya fi sauƙi. Tarihin Wald ya nuna cewa wannan mudu bai isa ba. Takardar da ta buɗe masa hanya a 1933 gajeriya ce ƙwarai, amfaninta mafi girma a asibiti kuma bai bayyana ba sai shekara 20 bayan rasuwarsa. Da za a tambaye shi a lokacin wace cuta kwaɗinsa za su warkar, ba shi da amsar da za ta gamsar da mai riƙe da baitulmali. Ma'aikacin da ke raba kuɗin bincike yana bukatar ya riƙa tuna wannan, ɗalibi kuma ya lura cewa Wald ya tsaya a kan tambaya ɗaya fiye da shekara 30, ya je ya durƙusa gaban waɗanda suka fi shi sani, ya kuma yi renon waɗanda suka wuce inda ya tsaya.

Sai dai ilmi ba ya kai kansa inda ake bukatarsa. Bitamin ɗin nan guda ɗaya shi ne tushen maganin dala 850,000 da ke ceton ganin yara ƙalilan masu lahanin gado, shi ne kuma ke cikin ɗan ƙwanson da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, wanda ke iya hana dubun dubatar yara makanta da mutuwa. Na farkon yana jiran ƙwararrun masana da dukiya mai yawa. Na biyun kuwa ba ya jiran wani sabon bincike, ma'aikatan lafiya yake jira da za su kai shi ƙauye a kan kari, da hukumomin da za su tabbatar cewa man da ake sayarwa a kasuwa yana ɗauke da abin da aka rubuta a jikin galan.